Mayonis a Gindin Kukata

Litinin, 6 ga Janairu

Yau na tarar wata ta kafa teburi a gindin kukata, daf da kaskona. Tun ina goyon Saumu nake suyar rogo a bakin tekun nan na Mombasa, ga Saumu yanzu da nata 'ya'yan a Malindi, ba a taɓa matse ni haka ba. Yarinya ce 'yar can cikin tudu, wai Kerubo, daga Kisii. Dankali take soyawa siri-siri kamar tsinken sakace, ta matsa masa jan tumatirin kwalba da wani farin abu wai mayonis. Ta ce, "Ina wuni, Mama." Na amsa da hanci.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na leƙa farin abin nan nata. Ƙwai ne da mai aka kaɗa, ba tsami, ba yaji. Da a kanti na gan shi sai in ce man shafawa ne.

Mutanen da ba a koya musu ci ba. Rogo, yajin barkono da gishiri yake so, a matsa masa lemun tsami tun yana tururi. Dankali kuwa a dafa shi, a tsoma a kwaɓin fulawa da kurkum, a soya, sannan romon tsamiya, mai kauri, wanda ya ji tafarnuwa. Ƙosai ba ya tafiya sai da dakakkiyar kwakwa da ɗanyen mangwaro. Haka kakata ta yi, ba ta taɓa buɗe kwalba ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Masu sauka daga jirgin fito na Likoni sun yi layi a gabanta. Samari da 'yan mata masu ɗaukar hoton abinci kafin su yi bismilla. Wani mai tabarau ya sayi rogona, ya tambaye ni ko ina da mayonis. Na ce ya gwada kemis.

Juma'a, 17 ga Janairu

Baban Saumu! Bayan an sauko daga masallaci na zagaya bayan kuka zan zubar da ruwa, sai ga maigidan nawa a tsugune, farin abin nan har a gemu. Wai ɗanɗanawa ya yi don ya ba ni labarin rashin daɗinsa. Takardar da ta zuba masa dankalin a ciki kuwa ya siɗe ta tas.

Da muka koma gida na ba shi shinkafa da kifi, ba yaji, ba lemo, ba komai. Tunda lami yake so.

Talata, 21 ga Janairu

Ta zo da ɗan kofi, wai in sam mata romon tsamiya. Na zuba mata don in ga abin da za ta yi. A kan gurasar nan ta chapati ta kwarara. Chapati! Ragowar ta kafa kai ta shanye kamar shayi. Na kau da ido.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau ma. Bayan tsamiyar ta ga ɗanyen mangwaron da nake ferewa, ta tsaya tana haɗiyar yawu har na miƙa mata ɗaya da yaji. Ta cinye har tana gwaguyar ƙwallon. Sai na dube ta da kyau, wuyanta, yadda take dafa ƙugu. Ciki ne. Ba ta faɗa ba, ban tambaya ba.

Katana mai gasa masara, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ce mijinta direban babbar mota ne a hanyar Kampala, kuma wayarsa ta daina shiga tun kafin sabuwar shekara. Ni ina ruwana.

Laraba, 29 ga Janairu

Tana buɗe kwalbar mayonis ta ruga bayan kuka tana amai. Na yi dariya har da hawaye. Ɗan da ke cikin ya fi uwarsa sanin abinci.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ba ta fito ba tun ranar. Teburin na nan a kife. Da rana Katana ya jawo murhunsa zai ajiye a wurin. Ya ce min, "Bi Tumu, ai yarinyar ta gudu. Ba ke ce kike ta addu'a ta tafi ba?" Na ce in ya ƙara taku ɗaya zai sha man suya a ƙafa. Ya koma yana gunaguni. Ba don ita na yi ba, hayaƙinsa ne ke sa ni tari.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na haye Likoni sayen kwakwa, ta can ta fi kyau. Tunda na je, kuma na ji a can take zaune, na tambayi ɗakinta. Wani ɗan akurki bayan masu walda. Tana kwance a tabarma, ta zabge, ba alamar an hura wuta. Na ajiye mata kwalbar tsamiya da dafaffen rogo, ta ci tana kuka, abin haushi.

Na ce ta koma gidansu mana. Ta ce, "Mama, babana bai so auren nan ba. In na koma da ciki ba miji, da wane ido zan dube shi? Suyar zan iya. Farin abin nan ne in na shaƙa sai hanjina ya juya, kuma ba sa sayen dankalin sai da shi."

Na ce mata duk wanda ya dogara da abin kwalba haka yake ƙarewa. Ban san abin da ya sa na ce ta fito jibi ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Da hannuna. Ni Mwanatumu, da hannuna na matsa mayonis a abincin mutane. Ita tana zaune ta inda iska ke tasowa tana suya, ni ina zubawa ina toshe hanci da mayafi. Baban Saumu ya zo ya tsaya yana murmushi, na ce in ya yi magana yau ma lami zai ci.

Mai tabaran nan ya ce in haɗa masa da yajina a kai. Na haɗa. Ya ce bai taɓa cin dankali mai daɗin wannan ba. Yajin ne, ba wani abu ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ta ce in koya mata romon tsamiya. Ta cika sukari, kamar yadda na zata.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na raka ta awo, don ba ta san hanya ba, kuma in ta faɗi a jirgi ni za a zaga. Ma'aikaciyar ta auna ta, ta ce jininta ya yi ƙasa, kada a bar ta tana kwana ita kaɗai. Sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke ce mahaifiyarta?" Kerubo ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ina gyara mayafina, kafin in gama matar ta ci gaba da yi min bayanin magani. Ta kuma ce a rage mata yaji. Ita ma ba ta san abinci ba.

Da la'asar na share ɗakin Saumu, na shanya katifar. Ƙura ce ta yi yawa, shi ke nan.