Ɓeran da Nake So Ya Ci Sunanki

Fusae, sanyin idona, ranar da ke keta hazon teku ta faɗo a kan tsibirin nan, ke da kike shigowa ɗakina da ƙanshin gishiri da tururin miya! Gaisuwa daga tsohon da kike kira Malam Ɓera.

Amsa ta iso daga gidan adana halittu na birni. Sun auna ƙoƙon kan, sun duba haƙoran, sun yi ta jan ƙafa kamar yadda suka saba, daga ƙarshe sun yarda. Ɓeran da kika kashe babu shi a littafin kowa. Duk duniya, sai a tsibirinmu yake.

Kin tuna ranar? Lokacin kaka ne, iska na kaɗa igiyoyin shanya. Kika turo ƙofata ba sallama, takalmin roba a hannu ɗaya, gawar a ɗayan, kin riƙo ta ta wutsiya. Kika ce, "Malam, ga ɗan'uwanka. Ya gama da kabewata. Ka binne shi ko ka dafa, kai ka sani." Na karɓa don kada ki ce na raina kyauta. Sai na ga wutsiyar ta cika gajarta, kunnuwan sun nutse cikin gashi, hancin a dunƙule ba tsini. Na buɗe bakinsa, na ga wata lanƙwasa a turmin haƙorinsa na ƙarshe wadda ban taɓa gani ba, ni da na ƙarar da ƙuruciyata a bakin ɓeraye. Sai na fashe da kuka. Ke kuwa kina tsaye kina duban tsohon da ke kuka a kan ɓarawon kabewa, amma ba ki tafi ba. Kika ɗora ruwan shayi.

Yanzu ina rubuta siffarsa, kuma alƙalamin sai zamewa yake zuwa gare ki. Na rubuta cewa bayansa ja ne kamar ganyen kaka, sai na tuna kumatunki in kin dawo daga bakin ruwa. Na rubuta cewa yana haƙa hanyoyinsa a ƙarƙashin ƙanƙara, yana tara saiwa, yana fita hunturu da rai ba tare da kowa ya gan shi ba. To wa nake siffantawa? Ba haka kika yi ba tun da teku ta riƙe mijinki? Idonsa baƙi ne, ƙarami, ba ya zama wuri ɗaya. Kada ki yi fushi, Fusae, ban taɓa ganin idon da ya fi shi kyau ba sai naki!

Ga abin da ya sa na ɗauki takarda. A ƙa'idar aikinmu, wanda ya siffanta halitta shi ke raɗa mata suna. Ba a sa na kai. Kuma da zarar an buga, an gama, ko mai raɗin ya yi nadama ba ya gogewa. Mutanen birni sun aiko da shawara wai in sa sunan shugaban sashenmu na jami'a, wanda ya kwashe littattafaina ya ajiye a bakin ƙofa. Ka ji su! Na ba jami'a shekaruna masu ƙarfi, masu zaƙin baki suka hau kujerun. Na dawo nan koyar da yara, makarantar ma ta rufe don babu yaran. Duk abin da na gina ya rushe a gaban idona. Abu ɗaya ya zo hannuna wanda ba ya rushewa, sai in miƙa wa wancan?

Sunanki nake so.

Na san abin da nake roƙo. A tsibirin da in mutum ya yi tari maƙwabta ke kawo magani, sa sunanki a littafi daidai yake da in hau tudu in yi shela. Tsoho Genzo ya riga ya soma a tashar jirgi: "Malam, mutane kifi suke kai wa mace, kai ɓera za ka kai?" Ke ma da na ɗan gutsura miki zancen cewa kika yi, "Ka sa sunana a kan ɓarawo, ka ga mai kawo maka miya." Amma na ga kin rufe baki da hannun riga. Washegari kuma miyar ta zo, har da ƙarin kifi.

Kin san yadda maza ke zama cikin kwale-kwale da asuba lokacin girbin ganyen teku, sanduna a hannu, ba mai taɓa ganyen sai an ɗaga farar tuta a kan tudu. Haka nake zaune. Jirgin wasiƙu zai tashi ranar Alhamis da takardar siffar ɓeran. In kin yarda, ki ɗaura farin ɗankwalinki a kan sandar shanyarki. In ban gani ba, zan sa masa sunan tsibirin, ba zan ƙullace ki ba, miyar ma ta ishe ni arziki. Sai dai duk ɓeran da ya gifta ni a cikin ciyawa, zan ce masa, "Sannu Fusae, ina zuwa da sauri haka?"

Tagar da ke kallon gidanki, wadda gishiri ya rufe tun zuwana, jiya na wanke ta.

Naki muddin akwai ɓera ɗaya da ke numfashi a ƙarƙashin ƙanƙarar nan,

Shigeo