Fulas Ɗinki Bai Fashe Ba

Gidan Malam Ɗanmaliki mai ɗori,
Rogo.
Ranar Alhamis, da hantsi.

Zuwa ga Radiyya, sanyin idona, inuwar tsamiyar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randar da ya kwana ya yi sanyi, ƙamshin ƙasar Tudun Kaya ranar da aka yi ruwan shuka!

Assalamu alaikum. Ya jego, ya ruwan zafi? Yaya Baba da Inna da dukan mutanen Yammedi? Yaya kuma baƙuwarmu, wadda bakina ke jin nauyin tambayarta a gaban jama'a, amma alƙalamina bai san kunya ba? Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya mana ita a kan sunna.

Za ki yi mamakin ganin takarda, alhali jiya ma mun gaisa a wayar Yaya Gwadabe. To wace irin gaisuwa ce wannan, Radiyya? Ke Inna na zaune a gefenki. Ni kuwa mu huɗu ne kwance a ɗakin nan, kowa ƙafarsa a ɗaure, kunnensa a sake. Na ce ya jiki, kika ce da sauƙi. Kika ce ya ƙafa, na ce alhamdu lillahi. Daga nan sai ina jin numfashinki kina jin nawa, har Yaya ya miƙo hannu ya karɓi abarsa. Wallahi maganar da ta taru a ƙirjina ta fi ruwan madatsar Challawa yawa, kuma kullum ƙofarta a rufe! Shi ya sa na roƙa aka sayo mini littafin 'yan makaranta da biro, na ɗora a kan cikina ina rubutu a rigingine. Idan kin ga layi ya karkace, kwanciyar ce ta jawo.

Yau kwana talatin da biyar rabona da taka ƙasa. Kin ji labarin a bakin mutane, bari ki ji shi a nawa. Ranar nan da kika aiko cewa kin manta fulas ɗinki da madubinki a ɗaki sanda aka tafi da ke goyon ciki, sai na naɗe su cikin koren zanenki, na ɗaure a bayan babur, na kamo hanya ina ta sauri don in gan ki kafin la'asar. An yi ruwa da safe. Daidai kwalbatin da ke bayan gonakin rake wata akuya ta faɗo hanya, na taka birki a kan laka, sai kawai na ga sama a ƙasa. Ban ji zafi nan take ba. Ƙara na ji, irin ta busasshen kara idan an taka shi, ashe cinyata ce. Mutanen da suka ɗauke ni suka tattara har da ƙunshin suka cusa a mota, aka kawo ni nan. Bayan kwana takwas kika haihu. Aka yi suna ba ni, aka yanka rago ba ni, aka sa wa yarinyar sunan Iya mahaifiyata ana ce mata Hidaya, duk ina kwance ina kallon azara.

Kin san me na fi sani yanzu a duniya? Azarar ɗakin nan. Na san wadda ta tsage, na san wadda gara ta ci. Akwai wani zanzaro da ke gina ɗakinsa a jikin ta uku. Ya fita ya ɗebo laka, ya dawo, ya sake fita, ba mai tambayarsa ina za shi. Ni Kamilu, da nake zagaye gonar gyaɗa sau biyu kafin rana ta fito, yau kishin zanzaro nake yi! An jera karare an ɗaure ni tun daga ƙugu har idon sawu. Sallah a kwance nake yin ta. Juyi ma sai an kira mutum biyu. Tsakanina da ke tafiyar da ba ta kai a daka fura a dama ba, amma da a ce kina bayan teku ai da hankalina ya fi kwanciya, don da na ce nisa ne ya hana ni.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya sa na fi son rubuto miki, ko da za ki yi mini dariya, don kin cancanci dariyar nan.

Kin tuna ranar da Barira dillaliya ta shigo gidanmu da kayanta, kika sayi fulas ɗin nan da 'yan kuɗin ƙullin gyaɗarki? Shuɗi, ba suna a jikinsa, murfinsa har da ɗan ƙwarzane. Na dawo daga gona na ɗaga shi na jujjuya, na ce wannan ko sati ba zai yi ba, an dai ga mace a cikin gida an yi mata wayo. Kika karɓa kika goge shi da gefen mayafinki, kika ajiye a kan kabad, kika kawo mini abinci ba ki dube ni ba. To ki saurara, ya farin watana: wayar da na saya a Kano ina taƙama da ita a majalisa ta tarwatse a kwalbatin nan kamar ƙwai. Fitilar babur ta fashe. Ƙashin cinyar mijinki, da ya yi shekara talatin yana ɗaukar buhu, ya rabu biyu. Fulas ɗinki kuwa ɗan loɓawa kawai ya yi a gindi!

Iya takan zuba mini kunun tsamiya a ciki bayan sallar asuba, in buɗe shi da la'asar tururi ya doki fuskata kamar yanzu aka sauke. Akwai wani dattijo a gefena, Malam Sulle, wanda ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙugu. 'Ya'yansa suna nesa, abincinsa kan iso a sandare. Da murfin fulas ɗinki yake shan kunu mai zafi kullum, kuma duk ranar duniya sai ya sa wa wadda ta saye shi albarka, bai san ki ba, bai taɓa ganinki ba. Ni kuwa sai kunya ta rufe ni. Ina ma ranar nan na yi shiru! Ina ma na ce sannu da ƙoƙari! Kuma dole in amsa laifina na biyu: tun makon farko Yaya ya ce in kawo ya kai miki, na ce masa ai ya lalace. Ƙarya na yi. Ke ce mai jego, ke ce mai bukatar ruwan zafi da kunun kanwa, amma na kasa rabuwa da abin da hannunki ya goge. Ga shi nan na ba shi tare da takardar nan. Ki yafe mini duka biyun.

Madubin kuwa, ai kin san dalilin sayensa. Kwana biyu kina yi mini shiru a kan maganar fulas, ran kasuwar Karaye na tsaya gaban wani ɗan koli na ɗauki mafi ƙanƙanta, mai jan baki na roba, wanda ko tafin hannu bai cika ba. Na kawo miki ina jin kunyar arharsa. Kika duba kika ce ido ɗaya kawai yake ɗauka, sai dai a riƙa kallon fuska kashi-kashi. Na ce ƙarya ne, har mutum biyu zai ɗauka. Muka haɗa kumatu muna ta ƙoƙarin shiga ciki, ya nuna rabin hancina da idonki ɗaya mai kwalli, kika tuntsire da dariyar nan taki mai kama da zubar ruwa daga indararo, har tuwo ya kama a tukunya. Radiyya, akwai ranar da ta fi wannan a rayuwata? Idan akwai, ban san ta ba.

Tagar ɗakin nan tana bayan kaina ne, can sama, ba yadda zan juya in gan ta. Kwana goma ban ga komai ba sai azara da bango. Ran na goma sha ɗaya na zaro madubinki daga cikin zanen don in ga yadda gemuna ya yi, hannuna ya ɗan karkace, sai ga sararin sama a tafin hannuna! Shuɗi, da farin gajimare, da reshen mangwaro yana kaɗawa. Na kusa yin ihu. Tun daga ranar, ta cikinsa nake fita waje. Ina ganin balbelu suna bin shanu, ina ganin masu kai masara kasuwa, ina ganin hadari tun yana ɗan baƙi a gabas. Malam Sulle kan ara ya leƙa, ya ce yau za a yi ruwa ko ba za a yi ba, sauran su yi ta musu da shi, ɗakin da da babu abin da ake ji sai nishi. Abin da na saya don in rufe bakin fushinki, ashe taga na saya ban sani ba.

Amma tagar tana da ciwo. Shekaranjiya wata mata ta wuce da goyo, kan jaririn yana lilo a bayanta cikin 'yar hula. Na kifa madubin a ƙirjina, ban sake ɗaga shi ba har magariba. Sau ɗaya tak na ga 'yata, a wayar Yaya, ga Iya zaune, ga mutane, 'yar fari ce kuma, dole na kawar da kai kamar ban damu ba. Ban damu ba! Ni da zuciyata ke fizga kamar ɗan maraƙin da aka ɗaure, uwarsa na kiwo a gabansa! Hancin wa ta ɗauko? Tana da ɗan ramin nan na kumatunki? Idan ta yi kuka, wace irin murya ce da ita? Uba ne ni, amma duk wata maƙwabciya a Yammedi ta fi ni sanin nauyin 'yata a hannu.

Yanzu ga maganar da na kasa faɗa miki a waya. Ki zauna kafin ki karanta.

Ran Litinin Malam Ɗanmaliki ya kwance ɗaurin. Ya shafa, ya latsa, ya jera ƙafafuna biyu ya daɗe yana kallo. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini ba. Ya ce ƙashin ya zame ya hau kan ɗan'uwansa, ƙafar ta gajarce da kamar yatsa biyu, kuma wannan ya wuce aikin hannunsa. In tafi asibitin ƙashi a Kano tun da sauran lokaci, a ɗauki hoto, wataƙila a sa ƙarfe. Iya na jin kalmar asibiti ta fashe da kuka. Ta ce ƙaninta da ƙafa biyu ya shiga, da ɗaya ya fito, ita ba da yawunta ba, gara in yi ɗingishi a gabanta. Kwana biyu ina tsakanin hawayen mahaifiyata da ƙafata, ban iya tsallake ko ɗaya ba. Ban taɓa jin ƙuncin ɗakin nan kamar a kwanakin nan biyu ba. Har karan da aka ɗaure ni da su sai na ji sun fi sauƙi.

Jiya da ta kawo kunu ban yi mata musu ba. Na dai ce, Iya, takwararki za ta tashi tana son a ɗora ta a wuya a kai ta gona, wa zai ɗauke ta? Sai ta share ido da bakin zane, ta ce to a je, amma ƙafarta ƙafata, ba likitan da zai taɓa ni ba ta tsaye.

Jibi Asabar za mu tafi. Ban san abin da za su ce ba. Ban san ko wata ɗaya za su riƙe ni ko uku ba, ban kuma san da wace irin tafiya zan dawo miki ba. Tsoro nake ji, Radiyya. Ban faɗa wa kowa ba sai ke.

Ga roƙona, ya furen gyaɗata, ya tauraruwar asubata. Motar za ta bi ta Karaye, kuma Yaya ya yarda a ratse zuwa Yammedi. Na san ba ki yi arba'in ba, na san mai jego ba ta fita. Ban ce ki fito titi ba. Ki roƙar mini Inna, Inna ta roƙar mini Baba, a bar ki ki tako iyakar bakin zaure. Ni ba zan iya sauka ba, ina kwance a kujerar baya, za a buɗe ƙofar motar kawai. A miƙo mini yarinyar a ɗora ta a ƙirjina, ko da na tsawon karanta Fatiha ne. A ranar ba zan kawar da kai ba. Duk wanda zai ce Kamilu ba shi da kunya ya faɗa. Ke kuma ki tsaya inda zan gan ki. Kada ki yi kuka idan kin ga yadda na rame, don idan kika fara ba zan iya bari a ja motar ba.

Na yi miki alkawari, da ƙafa biyu ko da sanda, da gudu ko da jan jiki, ƙofar da zan fara nufa ranar da aka sallame ni taku ce. Zuciyar nan ba ta da wata maƙwabciya bayan ke, ba ta kuma neman wata, har ranar da za a daidaita mini ƙasa.

Za mu iso da hantsi in Allah Ya yarda. Ki sa a riƙa sauraron ƙarar mota.

Naki, a kwance ko a tsaye, yau da gobe da ranar da ba gobe,
Kamilu.