Kofin Don Evelio

Yaya Ladidi,

Gaisuwa daga Bogota ta ƙasar Kolombiya. Ya jikin Inna, ya kasuwa? Ni ƙalau nake, sai gajiya.

Karatun sulhu na tafiya. Don Evelio nake yi wa tambayoyi, tsohon ɗan tawaye mai sayar da kofi mai kirfa. Ashe mutanensa ne suka kashe ɗan Doña Nubia, mai gidan da nake haya. Rannan ta ji ƙamshin kofin a bakina, ta ce, "Ɗana, ko kofinsa ko ɗakina."

Ni da nake raba faɗan 'yan kasuwar Kwari, sai na ce mata na daina, alhali ban daina ba. A aiko min da goro in riƙa taunawa kafin in shiga gida. Wallahi na gaji da yi wa tsohuwar nan ƙarya.

Ƙaninki,
Zayyanu