Na Daina Shan Magani Don Likita Ya Ba Ni Talata

Anti Loyis, ki taimake ni don Allah, kuma kada ki buga sunana. Rabin matan cocinmu suna karanta wannan fili, kuma babu wadda ban taɓa yi wa faɗa ba a cikinsu.

Shekaruna sittin da takwas, mijina ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Na raini 'ya'ya biyar a nan Jos, babu wanda ya jawo mini abin kunya, domin ban sakar musu fuska ba. Mijin 'yata ta fari, bari in kira ta Zipora, wata takwas ya yi yana tsayuwa a bakin get kafin in bar shi ya ga kujerar falona. Ban yi nadama ba.

Ina da hawan jini, ina da suga, ga gwiwoyi da ke sanar da ni sanyin Disamba tun watan Oktoba. Ƙwaya biyar nake sha kullum. A cikinsu akwai wata ƙarama da ke sa ni zaryar bayi duk safiya.

Da, bayan wata uku nake ganin likita. Wata Talata na isa asibiti a makare, benci ya cika, sai wani dattijo ya ɗauke hularsa daga gefensa ya ba ni wuri. Bari in kira shi Baba Fabian. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, matarsa ta rasu, duk Talata yake zuwa a wanke masa ciwon da suga ya sa masa a ƙafa. Ya buɗe filas ya zuba mini kunun acca ba sukari. Muka yi hirar magunguna, ashe uku daga cikin nawa shi ma yana sha. Na yi dariya har nas ta leƙo. Ni da nake harar 'yan mata in sun yi dariya a harabar coci!

Ranar ban sha maganina ba, don kada in tashi bayi a tsallake katina. Da aka auna, jini ya hau. Likita ya ce in dawo bayan mako biyu, ranar Talata. Anti, na fito ina murmushi kamar wadda ta ci jarrabawa.

Tun daga nan, duk Lahadi da Litinin kafin zuwana, sai in ajiye maganin jinin. Talata jini ya hau, a sake ba ni mako biyu. Sau shida ke nan. Na ɗinka atamfa sabuwa. Na fara shafa hoda. Hular tana kan benci tana jirana kowane zuwa, ya ma hana wani mutum zama a wurin.

To, yanzu likita ya ƙara mini ƙwaya ta shida, yana ganin na da ba sa aiki. Ranakun da na sha duka, jiri nake gani. Shekaranjiya na riƙe ƙofar kicin da ƙyar. Likita ya ce in jinin bai sauka ba Talata mai zuwa, zai kwantar da ni. Zipora tana zargin gishiri, ta kwashe magin gidan gaba ɗaya, ni kuma na san ba gishiri ba ne.

In na faɗi gaskiya, an mayar da ni wata uku, da wane baki zan ce ina zuwa asibiti? Da wane ido zan kalli Zipora? Ni ba irin matan zamani ba ce da za su nemi lambar namiji.

Uwar Biyar, Jos

Mama, na gaishe ki, na kuma taya ki murna. Mace mai ciwo uku ta ɗinka sabuwar atamfa tana dariya a benci, wannan ba abin kunya ba ne. Ke gwauruwa ce, Baba Fabian ma haka, ba ki ci amanar kowa ba.

Amma abin da kike yi da magani na iya kashe ki. Kwana biyu jini na sama, haɗarin shanyewar jiki ke nan. Sauran kwanakin kuma kina shan ƙwayar da aka ƙara bisa awon ƙarya, mai yiwuwa ita ke kawo jirin. Faɗuwa ɗaya a shekarunki ta isa ta karya ƙugu. Kada ki jira Talata, kada kuma ki cire ƙwaya da kanki. Ki je gobe da dukan magungunan a jaka, ki gaya wa likita ranakun da kika tsallake. Dalilin naki ne, ba dole sai ya ji ba. Ki tambaye shi yadda za ki riƙa shan mai sa fitsarin a ranar asibiti.

Na fahimci nauyin da kike ji, sunan da aka gina shekara arba'in ba abin wasa ba ne. Sai dai Zipora tana kwana da fargaba a kan gishirin da bai yi laifi ba. Ki gaya mata. Za ta yi fushi, daga baya ta yi dariya, kuma ta cancanci dariyar nan.

Ki tuna ƙafarsa za ta warke, muna fata, ranar kuwa Talata ta ƙare. Mutumin da ke tsare miki wuri da hula ya riga ya yi magana. Ki gayyace shi cin gwaten acca ranar Lahadi bayan coci, da rana, Zipora na zaune. In ya iso, Mama, ki buɗe masa get a ranar. Ku biyun ba ku da gwiwar tsayuwar wata takwas.

Allah Ya saukar da jinin, Ya bar miki dariyar.

Anti Loyis