Asabar Ɗin da Na Yi Shiru

Zuwa ga Yayana Zaharaddin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Bilkisu, da ruwan Fatakwal ɗin nan da ka ce ba ya ɗaukewa. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikin, ya nuna mana ranar da za ka dawo. Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa islamiyya da kanta. Baba ya gama roron wake a gonar Karofi, ya ce bana ya fi bara auki, kuma ya ware maka naka.

Na zaɓi takarda ne saboda in a waya ne za ka sa ni dariya, maganar ta lalace. Zancen wasanmu na ranar Asabar ne, wanda ka bar mini amanarsa. Har yanzu yana nan yadda ka kafa shi: mu zauna a falon Inna bayan azahar, kowa da mutumin da yake magana a madadinsa a cikin labarin, ni in faɗi abin da suka tarar a hanya, su faɗi abin da za su yi, a jefa ƙwayar ludo a ga ko sun dace. Taswirar ma ita ce dai wadda ka zana a bayan kalanda. Amma Yaya, wasan yana mutuwa a hannuna, kuma ban san yadda zan tare shi ba.

Duk Laraba ina tura wa 'yan wasan, wato 'yan uwanmu Talha da Surayya da Turai, taƙaitaccen inda muka tsaya, da tambaya guda ɗaya tak da za su yi tunani a kai. Babu mai buɗewa. Talha ya baro Kurfi a babur, ya sha rana, amma takardar da ke ɗauke da bayanin mutuminsa kullum tana aljihun wata rigar. Surayya ta kai wata uku tana riƙe da maharbi, ran nan take tambayata wai ko shi ne mai jaki. Turai kuwa sai an zauna take cewa a tuna mata daga farko. Ka san kuma Talha dole ya kama hanya da an yi la'asar, don mahaifiyarsa ba ta yarda yamma ta yi masa a waje. Rabin lokacin yana ƙarewa wajen tuna musu labarin, kafin labari ya yi zafi an kira salla.

Na kasa yi musu faɗa. Wanda ya tako gidanku, ka shimfiɗa masa tabarma, ka kawo masa zoɓo, da wane baki za ka tsare shi da tambaya kamar ɗan aji? Sai na shiga rufa musu asiri. Na kwafe takardunsu na ajiye a wurina. In na yi tambaya aka yi shiru, sai in ce ko maharbi zai hau bishiya ya duba, Surayya ta gyaɗa kai. In ce ko ɗan kasuwa zai taya, Talha ya ce haka ma yake shirin cewa. A haka a haka, makon jiya na farga cewa na yi awa biyu ina magana da murya huɗu, ina tambaya ina ba kaina amsa, su kuwa nasu jefa ƙwaya in an miƙa musu. Falo cike da 'yan uwa, amma ni kaɗai ce a cikin labarin. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Jiya na ce zan gwada su. Na kai ayarin mutanensu bakin kogi, na ce ruwa ya cinye gada, na tambaya me za su yi, na kama bakina. Shiru ya yi tsawo har muna jin Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Turai ta tambaya ko kaina ke ciwo. Surayya ta ce in gajiya ce a bari sai wani mako, ai ba gaggawa. Talha ya ce to bari ya yi amfani da damar ya biya kasuwa. Suka yi mini sannu da gaske, da tausayi, suka tafi. Ko ɗaya bai gane jiransa nake ba.

Da suka fita na ɗauko tsohon littafinka don in maida taswira ciki, in rufe batun gaba ɗaya. Ban taɓa karanta bayansa ba. A can na ga shafi uku da ka rubuta saboda Gogo mai ɗinkin ƙwarya, wato mutuniyata lokacin da kai ke jan wasan. Ka shirya mata wata tsohuwa a mashigi, riƙe da fasasshiyar ƙwarya, wadda in Gogo ta duba za ta gane ɗinkin mahaifiyarta a jiki. A gefe ka rubuta cewa Ikilima ba ta karanta saƙo ba, a bari sai wani mako. Ka sa kwanan wata. Na ƙirga, sau bakwai ka rubuta haka, daga nan ka daina. Ni kuwa abin da nake tunawa a lokacin shi ne kana dariya kana miƙo mini ƙwaya. Kunya ta kama ni, na yi kuka, Yaya. Ka yafe mini.

Ka gaida Anti Bilkisu sosai, da Malam Labaran maƙwabcinku da ya karɓe mu hannu biyu. Inna da Baba suna sa maka albarka. 'Yar uwarmu Nana Hadiza ta ce in tambaya ina alkawarin atamfarta.

Su Talha zan ƙara musu Asabar, tunda kai ka ƙara mini bakwai. Amma ga amsata, ko da ta makara da shekara uku: Gogo ta sauke kayanta, ta gaida tsohuwar, ta karɓi ƙwaryar ta duba. In akwai ƙwayar ludo kusa da kai, ka jefa, ka rubuto mini abin da tsohuwar ta ce. Ina nan ina jira.

Taka ƙanwa,
Ikilima