Jan Biro a Kan Takardar Kangwa

Zuwa ga Mama Namakau,

Ina roƙon taimakonki kan al'amarin da na kasa furta wa fastonmu, na kuma kasa furta wa matata.

Ranar Talata, 14 ga Maris 2023, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, 'yata Chibesa ta rasu a wani asibiti a Ndola, garin da take aiki. Shekararta ashirin da tara. Ciwon sikila ne, da shi aka haife ta. Ita kaɗai Allah ya ba mu.

Na shekara talatin ina koyar da ilmin mantiƙi, wato yadda ake auna magana a raba hujja da zato. Wata goma sha shida kafin rasuwarta, Chibesa ta zo gida Kitwe da murmushinta, ta nuna mini a waya bayanin da wani saurayi mai suna Kangwa ya rubuta game da kansa a manhajar neman abokin aure. Na sa ta buga mini shi a takarda, na ɗauko jan biro kamar yadda nake yi wa ɗalibai.

Ya ce shi mai gaskiya ne. Na rubuta cewa da'awa ce, ba hujja ba. Ya ce yana son zaman shiru, alhali duk hotunansa biyar a cikin taro aka ɗauka. Na ja layi. Ya ce yana neman wadda za ta riƙa raka shi hawan duwatsu, ni kuwa na san 'yata in ta yi doguwar tafiya sai ta kwanta kwana uku. A ƙasa na rubuta cewa ba su dace ba, har da maki: huɗu cikin goma. Ta ninke takardar, ta yi godiya, ba ta ƙara ambatarsa ba. Na ɗauka na gamsar da ita.

A kwanakin makoki wani saurayi ya yi ta faskara mana itace yana ɗebo ruwa. Na zaci ɗan cocinmu ne, ban tambayi sunansa ba. Sai da muke raba kayan Chibesa na tsinci takardar nan cikin jakarta. A bayanta ta jera ranaku tara da ciwon ya tashi mata ba mu sani ba, da abin da Kangwa ya yi a kowace: ya goya ta zuwa mota, ya fasa tafiya, ya koyi sunayen magungunanta. A sama ta rubuta kalma ɗaya, "Hujja". Amsa ta shirya mini, da irin salon da na koya mata, ba ta kuwa samu ƙarfin halin miƙa mini ba. 'Yar ƙanwata ta tabbatar mini Kangwa ne mai faskaren.

A wata mai zuwa za mu buɗe dutsen kabarinta. A al'adarmu, mutum huɗu za su kama gefen ƙyallen da aka lulluɓe dutsen da shi a yaye shi. Na rubuta sunaye uku. Lambar Kangwa tana hannuna wata goma sha ɗaya ke nan, ban kira shi ba.

Uba mai jin kunya, Kitwe.

*

Malam,

Allah ya ba ku haƙurin rashin Chibesa.

Bari in fara sauke maka abin da ba kayanka ba ne. Auna bayanin baƙo ba laifi ba ne. Wasiƙun matan da aka yaudara ta manhajojin nan sun cika mini tebur, kuma tambayoyinka uku duk suna da tushe. Jan biron ma ba shi ya yi ajalinta ba.

Inda ka kauce shi ne ka yanke hukunci da shaida ɗaya, wadda ba ta wuce layi goma ba, ba ka ji ta bakin mai ita ba. Irin wannan bayani tambayoyi yake haifarwa, amsarsu kuwa sai an zauna da mutum. Da ɗalibinka ne ya tsaya a nan, da ba ka ba shi huɗun ba ma.

Kada kuma kunya ta jefa ka cikin kuskure na biyu, ka ɗauki Kangwa marar aibi saboda abin da ke bayan takardar. Har yanzu ba ka san shi ba. Wannan shi ne abin da ya rage a gyara.

Ka fara nuna wa matarka takardar, gaba da baya. 'Yarta ce ita ma. Sannan ka kira Kangwa a makon nan, ka nemi ganinsa kafin ranar, ba a bakin kabari cikin jama'a ba. Kada ka rubuta jawabi. Ka faɗi abin da ka yi, ka ba shi haƙuri, ka yi shiru ka saurara. Wataƙila ya karɓi gefen ƙyallen, wataƙila ya ƙi, kuma yana da ikon ƙi. Ko yaya ta kasance, akwai wata goma sha shida na rayuwar 'yarka da shi kaɗai ya san su. Ka roƙe shi ya ba ka labarinsu.

Ta rubuta maka amsa, Malam, ta kuma iso hannunka. Ka karɓe ta. Ina yi muku fatan sauƙi, kai da mahaifiyarta.

Mama Namakau