Na Same Shi a Sujada

Juma'a, 14 ga Nuwamba 2014, Vénissieux, Faransa

Barci ya ƙi zuwa. Da safe a aji muka karanta wani tsohon wasan kwaikwayo na Ingilishi, inda yarima ya tarar da makashin ubansa yana addu'a, ya mayar da takobi kube. Na ce matsoraci ne.

Da magariba na nufi masallaci neman Isufu, ɗan garinmu da ya kwashe bincikena ya gabatar a Paris da sunansa. Na rantse sai na tsinka shi gaban dattawa. Na same shi a sujada. Da ya sallame ya ce, "Ɗan'uwa, ina gajiya?" Sai na ji bakina ya ce, "Ba gajiya."

Tir da ni! Litinin a bakin tashar jirgin metro zan tare shi. Can ba a sujada.